Daga parabol zuwa forfe: lissafin da gida zai yi kafin ya bar biyan kuɗin tashoshi

A gidaje da yawa a Garwa, Marwa, Ngaundere da Kusiri, har ka haye gada zuwa Njamena, farantin parabol yana nan daram a kan katanga, amma dikodar da ke ƙarƙashin talabijin ta yi wata da watanni ba a sa mata kuɗi ba. In ka kunna, rubutu ne zai fito cewa ba ka da izinin kallon tashar. Bayan sallar Isha'i ka leƙa tsakar gida: uwargida na kan tabarma tana bin fim mai dogon zango a YouTube, samari uku sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon ƙwallo, budurwar gidan tana TikTok, mai gida kuma ya jingina waya da buta yana sauraren wa'azi a Facebook. Ka tambaye shi, zai ce maka ya huta da biyan abonema, wato kuɗin tashoshi na wata-wata. Abin da ba kasafai yake iya faɗa maka ba shi ne nawa gidan ya kashe wajen sayen forfe, wato kunshin data na waya, a watan da ya wuce.

Nan ne gizo ke saƙar. Parabol da intanet ba abu ɗaya suke sayarwa ba. Mai tashoshi yana sayar maka da wata guda sukutum: ka kunna awa ɗaya ko ka bar akwatin yana aiki daga asuba zuwa tsakar dare, mutum ɗaya ke kallo ko unguwa ce ta taru, kuɗin bai canja ba. Tauraron ɗan'adam yana watso hoto ɗaya ne a kan ƙasashe da dama, kowane faranti ya tari rabonsa, ƙarin mai kallo ba ya ƙara wa kowa nauyi. Kamfanin waya kuwa da mudu yake auna maka. Kowace daƙiƙar hoto sai an aiko ta musamman zuwa wayarka, an cire ta daga megarka, kuma in mutum huɗu a gida ɗaya suna kallon abu ɗaya a wayoyi huɗu, sau huɗu aka saya. Wanda bai riƙe wannan bambanci ba, duk sauran lissafinsa zai karkace.

Dalilan da suka sa ake barin abonema ba boyayyu ba ne, kuma masu ƙarfi ne. Ƙaramin kunshin kamfanin tashoshi na Canal+, wato Access, ya daɗe a wajen sefa 5,000 a wata, na sama da shi kusan ninki biyu, manyan kuwa sun yi wa yawancin gidaje nisa, ga shi manyan wasannin da ake so ba a ƙaramin suke ba. Kuɗin dunƙule ake biya, ran da masara da shinkafa da kuɗin makaranta su ma suke jira. Tashoshin da yawansu na Faransanci ne, alhali abin da gidan Bahaushe ya fi kallo, wato finafinan Kano, tafsiri, waƙoƙi da barkwanci, ya koma YouTube da Facebook tuntuni, masu shirya finafinan da kansu can suke fara sakin sabon kashi. Sannan akwai wuta. Arewacin Kamaru ya dogara ne da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, mai ƙarfin megawat 72 in ruwa ya cika, kuma da rani in ruwan ya ja baya sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage zafi, ba su kawar da matsalar ba. A Njamena ɗauke wuta ya fi haka tsanani. Wanda ya biya kwana 30 ya samu wutar kallon kwana 15 yana da hujjar jin an cuce shi, domin kwanakin abonema ba sa tsayawa su jira wuta. Waya kuwa, an yi mata caji sau ɗaya, ta kai dare.

Ba a nan kaɗai ake wannan ƙaura ba. MultiChoice, mai DStv da GOtv, ya bayyana cewa ya rasa masu biya kusan miliyan 1.4 a Najeriya tsakanin Maris 2023 da Maris 2025, kuma a Satumban 2025 Canal+ ya karɓi ragamar kamfanin. A 2025 ɗin ne kuma Canal+ ya ƙulla yarjejeniyar saka Netflix, manhajar kallon finafinai ta intanet, cikin wasu kunshinsa a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Su kansu masu farantin sun ga inda iska ke kaɗawa.

To, mu zo ga mudun. Akwai lamba ɗaya da ta isa ta warware kusan komai: hoton da ke kwarara da gudun megabit 1 a daƙiƙa yana cin kimanin mega 450 a awa. Daga nan sai ninkawa. Lambobin nan da kake gani a YouTube, 360p, 480p, 720p, 1080p, tsaftar hoto suke nufi, kuma kowane hawa yana kusan ninka cin na ƙasa da shi. A 360p awa ɗaya tana cin mega 300 ko kusa da haka. A 480p kimanin rabin giga. A 720p giga ɗaya da ɗoriya. A 1080p giga biyu zuwa uku. Netflix ma ya fitar da nasa ma'auni: kimanin mega 300 a awa a mafi ƙarancin tsafta, har giga 3 a hoto mai tsafta, har giga 7 a 4K. Lambobin sukan ɗan motsa gwargwadon abin da ake kallo. Malami zaune a kan kujera yana karatu ba ya cin data kamar fili mai 'yan wasa 22 suna gudu kyamara na bin su, domin na'urar tana aiko abin da ya sauya ne daga hoto zuwa hoto, kuma a ƙwallo komai sauyawa yake.

Yanzu a ɗauki gidan da talabijin ke kunne awa biyar a rana, wanda ba yawa ba ne ga gida mai mata da yara. Awa 150 ke nan a wata. In da intanet za a ciyar da wannan talabijin, a 480p ana bukatar giga 75. A 720p kusan giga 165. A 1080p ya haura giga 300. Ka duba nawa kake sayen giga ɗaya a babban forfe na wata, ka ninka. A misali kawai, in giga ya zo maka a sefa 300, mafi ƙarancin lissafin nan ya kama 22,500, fiye da ninki huɗu na ƙaramin abonema, kuma a hoton da ba zai yi kyau a allo mai inci 43 ba. A waya 480p tas yake fita, saboda allon ɗan ƙarami ne. Ka shimfiɗa shi a babban allo, fuskoki su yi dishi-dishi, lambar rigar ɗan wasa ta ƙi karantuwa.

Me ya sa mutane ba sa jin wannan nauyi? Saboda ba a dunƙule yake fita ba. Sefa 200 da safe, 500 da yamma, 100 tsakar dare, ta Orange Money ko MoMo, ko Airtel Money da Moov Money a Cadi, kuma daga aljihu daban-daban. Waya huɗu, kowacce sefa 200 a rana, sun kama 24,000 a wata. Mai gida ya daina fitar da jaka biyar a gaban kowa, sai uwargida ta riƙa tsakura daga kuɗin cefane, yaro ya riƙa roƙon yayansa. Kuɗin bai ɓace ba, rarrabuwa ya yi ya ɓuya. Kuma ƙananan forfe na awa 24 su ne mafi tsada in aka raba da giga, ga abin da ya rage yakan mutu da cikar wa'adi. Shi ya sa matakin farko, tun kafin a taɓa dikoda, shi ne a buɗe saitin kowace waya a gidan, a shiga wajen amfani da data, a rubuta abin da ta ci a kwana 30 da manhajar da ta ci shi. Sai a haɗa da tarihin biya a asusun waya. Gidaje da yawa a wannan takarda za su fara ganin gaskiyar abin da suke kashewa.

Wannan ba ya nufin barin abonema kuskure ne. Akwai gidan da ya yi masa daidai: mutum ɗaya ko biyu, kallon awa ɗaya ko biyu a rana, a waya, yawanci abin da ba sai an gan shi nan take ba. Awa biyu a rana a 360p giga 18 ne a wata. Irin wannan gida ba shi da dalilin biyan tashoshi ɗari da ba ya buɗewa. Wanda lissafin ke kayarwa shi ne babban gida mai son talabijin ya ci gaba da aiki yadda ya saba, a ce kawai an sauya masa hanya.

Bayan kuɗi sai rezo, wato sabis ɗin waya da intanet, kuma nan aka fi yaudarar kai. Ana gwada gudun intanet da hantsi, a ga megabit 20, a je a sayo kaya. Ƙarfen antenar unguwa rijiya ɗaya ce kowa ke ɗiba. Daga bayan Magariba zuwa wajen ƙarfe 11 na dare, lokacin da kowa ya dawo gida ya ɗauki waya, gudun nan yana iya faɗowa ƙasa da megabit 2, alhali sandunan rezo a wayar suna nan cike. Sandunan ƙarfin sigina suke nunawa, ba yawan masu rabon ba. Netflix yana neman megabit 3 don 720p, 5 don 1080p, 15 don 4K, kuma ana son gudun ya tsaya a haka ne, ba ya yi sama ya faɗo ba. Gwajin gaskiya shi ne a yi shi da ƙarfe takwas da rabi na dare, a daidai inda talabijin yake, dare uku a jere, ɗaya daga ciki ya zama daren babban wasa. A yi da layin kamfani biyu, MTN da Orange ko Camtel a Kamaru, Airtel da Moov a Cadi, domin a unguwa ɗaya wani ya fi wani, ka tsallaka titi abin ya juye. In a dare ukun nan gudun bai riƙe megabit 5 ba, kada a sayi komai don babban allo.

Akwai kuma katsewar da ta fi ƙarfin unguwa. Intanet ɗin da ake sha a Marwa daga bakin teku yake tasowa, daga Duwala, Limbe da Kiribi, ya biyo wayar fiba a ƙarƙashin ƙasa fiye da kilomita dubu. Motar gyaran hanya ta tsinke ta, ko ambaliya ta tone ta, arewa duka ta ji a jikinta. Cadi ba ta da teku, hanyoyinta na fiba ta Kamaru da Sudan suka bi, don haka matsalar maƙwabta tata ce. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gabar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama har da Kamaru suka yi kwanaki cikin wahalar rezo. A Cadi an toshe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019. A duk waɗannan ranaku mai faranti yana kallon labarai. Farantin shi ma yana da lagonsa, hadari mai nauyi na Yuli da Agusta yakan ɗauke hoto, amma na minti goma ne ko rabin awa, ruwa na tsagaitawa ya dawo.

Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, ya shigo maganar, musamman a Cadi inda ya fara aiki da izini a 2025. A Kamaru kuwa, a 2024 hukumar kwastan ta ba da umarnin kama na'urorinsa da ake shigowa da su, don haka mai sha'awa ya fara tabbatar da matsayin doka kafin ya zuba kuɗi. Ko inda aka halatta, kuɗin na'ura da na wata da wutar da take ci sun fi dacewa da gidaje da suka haɗa hannu ko mai shago. Inda fiba ta iso ƙofar gida, a wasu unguwannin manyan birane, lissafin da muka yi a sama ya canja gaba ɗaya, tunda ba a auna ta da giga. Amma a karanta sharaɗin duk forfe da aka ce ba shi da iyaka: da yawa suna da adadin da in an kai, sai a rage gudu zuwa abin da ba zai ɗauki bidiyo ba.

Ƙwallo ita ce igiyar da ta fi riƙe mutane a jikin dikoda. Garwa, garin da ya ga Najeriya da Masar a filin Rumde Ajiya a Janairun 2022, garin Coton Sport, ba sai an yi masa bayanin wannan ba. Gasar Firimiya ta Ingila da ta Zakarun Turai haƙƙin nunawa ake saye da kuɗi masu yawa, kuma wanda ya saya ba zai bari a nuna a YouTube kyauta ba. Wasa ɗaya da hutun rabin lokaci awa biyu ne, giga biyu zuwa uku a 720p. Wasa takwas a wata sun kai giga 20. Sannan hoton intanet yakan makara da rabin minti zuwa minti ɗaya a bayan na tauraro, saboda na'urar tana tara 'yan daƙiƙu a ajiye kafin ta nuna. Kana kallon ɗan wasa yana gyara ƙwallo zai buga fenareti, gidan kallon bayan layi ya riga ya ɓarke da ihu.

A nan masu IPTV, wato masu sayar da tashoshi ta intanet, suke samun shiga. Wani zai kawo maka ɗan akwati ko ya saka maka manhaja, ya ce ka biya na shekara, tashoshi dubbai, duk wasannin duniya. Gaskiyar abin ita ce yawancinsu hoton sata ne ake sake rabawa ba da izinin masu shi ba, kuma wannan kaɗai ya isa mai kiyaye haƙƙin mutane ya tsaya ya yi tunani. Ta fuskar aiki ma ga inda yake ɓaci. Na farko, kuɗin shekarar bai haɗa da data ba, duk lissafin giga na sama yana nan a kanka. Na biyu, kwamfutar da ke raba hoton tana da iyakar mutanen da za ta ɗauka, masu ita kuma sun sayar wa fiye da haka, shi ya sa ranar Talata da rana komai lafiya, daren babban wasa kuma hoto ya tsaya da'ira na juyawa. Hanyar gane mai laifi mai sauƙi ce: a daidai lokacin ka buɗe YouTube, in yana tafiya sumul, ba rezonka ba ne. Na uku, ranar da aka rufe kwamfutar can ƙasar waje, kuɗin watannin da suka rage sun tafi, wanda ya sayar maka shi ma ɗan kamasho ne, ba abin da zai iya yi. Na huɗu, jerin tashoshin kan zo da na batsa a cakuɗe, ba kulle, a gidan da yara ke riƙe da rimot.

Akwatunan Android marasa suna da ake jibgewa a kasuwa su ma sai an yi hattara. A kwali za a rubuta ƙwaƙwalwa giga 8 ko 16, a ciki giga 1 ce ko 2. A Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ana samun irin waɗannan na'urori ɗauke da muguwar manhaja tun daga masana'anta, wadda ke amfani da intanet ɗin mai gida a ɓoye. Alamarta a wajenmu ita ce forfe na ƙarewa ba wanda ya yi kallo. Wanda zai saya ya nemi mai suna sananne, ya shiga Play Store ya duba ko an rubuta cewa Play Protect ya tantance na'urar, kuma kada ya saka asusunsa na Google da yake amfani da shi a waya cikin akwatin da bai yarda da shi ba.

Ga gidan da ya yi gwajin dare uku ya ga rezo ya riƙe, ga yadda ake haɗa kayan ba tare da asara ba. Kada a dogara da raba intanet daga wayar mai gida. Wayar za ta yi zafi, a watan Afrilu na Marwa da ma'auni ke haura 40 baturi yana iya kumbura, kira na shigowa hoto ya yanke, mai wayar na fita masallaci kallo ya ƙare. A sayi modem mai cin layi, a ajiye shi a sama kusa da taga ta ɓangaren da antena take, ba a bayan talabijin ko cikin kabad ba, kuma ba inda rana ke dukansa ba. Rufin kwano da bangon siminti mai kauri suna cinye sigina. In modem da talabijin suna ɗaki ɗaya, a haɗa su da waya, ya fi wifi tsayawa. In sai da wifi, zangon 5 GHz ya fi gudu amma ba ya ratsa bango sosai, na 2.4 GHz ya fi nisa. Modem ba ya cin wuta, wat 5 zuwa 10 ne, ƙaramin baturi mai volt 12 zai riƙe shi awanni bayan an ɗauke wuta. Talabijin mai inci 32 na zamani yana cin wat 30 zuwa 50, don haka faifan sola matsakaici da baturi ɗaya suna iya ɗaukar su duka.

Sai saiti, wanda a nan ne giga ke zurarewa. Talabijin mai intanet da kansa yake zaɓar hoto mafi tsafta da rezo zai iya ɗauka, bai san da mudu ake sayar maka ba. A YouTube na talabijin sai an riƙa shiga alamar saiti ana mayar da shi 480p ko 720p. A Netflix ana saita wannan a cikin asusu, kowane mai kallo da nasa. A kashe ci gaba da kunna bidiyo na gaba kai tsaye, domin yaro ya yi barci, akwatin ya kwana yana cin kuɗi. A kashe sabunta manhajoji ta atomatik a wayoyin da ke hawa wifin gidan, saboda waya tana ɗaukar kowane wifi a matsayin na banza, ta shiga sauke sabuntawa da tura hotuna. A Android akwai wajen da ake gaya mata cewa wannan wifin na awo ne. A saka wa modem lambar sirri mai tsawo, a riƙa duba jerin na'urorin da ke kai.

Babbar dabara kuwa ita ce a rage kallon kai tsaye. Abin da ba wasa ba ne ba labarai ba, ba dole sai an kalle shi yana kwarara ba. Kamfanoni sukan sayar da forfe na dare da araha, kuma a lokacin rezo ba cunkoso. A sauke kashin fim sau ɗaya, gida duka ya kalla, a maimaita wa wanda bai gani ba, ba ƙarin ko mega ɗaya. Tafsirin azumi kuma, in sauraro ake so, a nemi na murya zalla: awa ɗaya ba ta wuce mega 30 ba, kashi ɗaya cikin goma na bidiyo mafi arha. Wata guda na tafsirin awa biyu kullum bai kai giga 2 ba.

Biyan Netflix da ire-irensa yana da nasa ƙulli, tunda kati suke so, Visa ko Mastercard, kuma kowane wata da kansu suke cira har sai ka soke. Masu sayar da gurbi a asusun wani suna da yawa a WhatsApp, amma tun 2023 kamfanin ya tsaurara kan raba asusu tsakanin gidaje daban-daban, ana iya fitar da kai kowane lokaci. Kuma a tuna, wannan ma abonema ne. Wanda ya haɗa biyu ko uku, ya ɗora kuɗin data, ya koma inda ya baro har ya wuce.

Akwai abin da ba ya shiga lissafin sefa, kuma a ganinmu bai kamata a raina shi ba. Talabijin ɗaya a falo kowa na ganin abin da kowa ke kallo. Dikoda tana da lambar kulle, tashoshinta sanannu ne. Waya a hannun ɗan shekara tara a cikin ɗaki, manhajar ce ke zaɓa masa abin da zai gani na gaba, kuma ba ta san tarbiyyar gidan ba. YouTube Kids da yanayin taƙaitawa suna taimakawa, amma sun fi tace Turanci da Faransanci a kan Hausa da Fulatanci. In za a koma intanet, gara a kai shi babban allo a tsakar gida da a raba wa yara wayoyi. Haka tsofaffi. Hajiya ta haddace lambar tashar Makka a rimot, tana kunnawa da kanta bayan Asuba. Ranar da aka ce sai ta nemo manhaja ta rubuta suna, an raba ta da abinta, sai ta jira jika ya tashi daga barci.

Saboda haka shawarar da ta fi dacewa da yawancin manyan gidaje a yankin nan ita ce kada a sauke farantin. Abonemar Canal+ ta wata-wata ce, ba yarjejeniyar shekara ba: ana iya biya a watannin da gasa ta yi zafi, a bari a watannin hutun ƙwallo ko lokacin da wuta ta yi ƙaranci. In an dawo biya bayan dogon hutu, a bar dikodar a kunne a kan tasha ɗaya na 'yan mintoci kafin saƙon buɗewa ya iso, ba lalacewa ta yi ba. Manhajar kamfanin ta waya tana cikin kuɗin da aka biya, ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa ana iya ƙarasawa a can. A gefe kuma akwai tashoshin kyauta da ba a biyan ko dala: na Makka da Madina da na Larabci masu yawa a Nilesat da Arabsat, da tashoshin Hausa irin su Arewa24 da na wa'azi da ake kamawa a wasu taurarin. Wannan yana bukatar dikodar kyauta daban, mai DVB-S2 da MPEG-4, domin ta kamfani a kulle take ga tashoshinsa, da faranti na biyu da mai gyara zai saita, wanda girmansa ya danganta da garin da tauraron. Kuɗi ne na sau ɗaya. Da shi talabijin zai ci gaba da awanninsa biyar ga mata da yara da tsofaffi, intanet kuma ya tsaya ga abin da babu shi a can.

Farantin da aka bari ba kulawa shi ne ke sa a ce dikoda ta mutu ranar da aka dawo gare ta. Iskar farkon damina tana gusar da shi, kuma kaucewar da ba ta kai faɗin yatsa ba ta isa ta ɗauke sigina, don haka a ɗaure kusoshinsa tamau, a yi wa sandar alama da fenti a inda aka saita. Inda waya ta shiga kan farantin, wato LNB, a naɗe da salatif mai hana ruwa, in ba haka ba ruwa zai bi cikin wayar ya yi tsatsa, wani lokaci ya gangaro har cikin dikoda. A bar wa wayar ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango don ruwan ya ɗiga a waje. Dikodar da za ta yi watanni ba aiki a zare ta daga wuta da wayar faranti saboda tsawa, a rufe ta daga ƙurar hunturu, a bar katin a cikinta.